Ruwa a Kan Kwanon Coci

Ƙarar ƙarfen kiran sujada ta iske mu a bakin gona. Tsohon ƙarfen tayar mota ne da aka rataye a reshen darbejiya a ƙofar cocinmu, kuma idan iska ta kwanta ana jin sa har hanyar Kusada. Ran nan iska a kwance take. Gwaggo tana gabana da fartanya a kafaɗa. Ta ji kamar yadda na ji, amma ba ta waiwaya ba. Na dai ga wuyanta ya motsa daidai inda tabon ɗinki yake, kamar mai haɗiye abu mai ɗaci.

Gwaggo yayar mahaifina ce, kuma a ɗakinta na girma tun da aka yaye ni. Unguwarmu ƙarama ce, tsakanin Kankiya da Kusada. Gidajen Kirista kaɗan ne a gefe guda, sauran na Musulmi, rijiyarmu ɗaya, ranar kasuwarmu ɗaya. Cocinmu ginin ƙasa ne da rufin kwano, babu silin, tagoginsa na katako. Ba abin da baƙo zai tsaya ya kalla a jikinsa. Amma a duk cocin da ke yankin an san mu, saboda muryar Gwaggo.

Ita ce mai ba da waƙa a zumuntar mata. Yadda muke waƙa shi ne mutum ɗaya ta bayar, sauran su amsa, tulu yana bugawa a ƙasa, kacau-kacau yana bi. Tun kafin a haife ni Gwaggo take bayarwa. Muryarta siririya ce amma ba ta karyewa, tana hawa kamar hayaƙi a safiyar da babu iska. Ina ƙarama nakan rufe ido in ga kamar kwanon rufin ya ɗaga, muryar ta fita ta wuce bishiyoyi. Waƙoƙin ma yawanci ita take tsara su, tana surfe ko tana ɓarar gyaɗa.

Ta san da haka kuwa. Idan ta miƙe sai ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta tsaya, ba za ta fara ba sai yaro na ƙarshe ya yi shiru. Idan masu amshi suka ja waƙar, sai ta ɗaga hannu ta tsayar da kowa a tsakiyar sujada, a sake daga farko. Akwai wata amarya da aka kawo daga Kunduru mai sha'awar waƙa, Gwaggo ta mayar da ita layin baya, ta ce tana jan amshi kamar saniyar da ta gaji da garma. Wata rana a wurin koyon waƙa mata suka tsokane ta, suka ce in ta yi tafiya wa zai bayar. Ta ce:

"Ranar da ban zo ba, sai dai ku yi wa Ubangiji tari ku tashi."

Aka yi dariya, har da ita. Ba wanda ya ɗauki maganar a matsayin girman kai, domin a wa'azi idan aka zo kan girman kai, masu mulki da masu dukiya ake kawowa misali. Ba mu taɓa tunanin zai iya zama a cikin abin da mutum yake yi wa Allah ba. Gwaggo ba ta da komai sai gonar gyaɗa da akuyoyi. Tana azumi, tana ziyarar marasa lafiya, ba ta taɓa fashin sujada ba. Ni ma alfahari nake da ita. A makarantarmu ta Kankiya, idan aka tambaye ni 'yar gidan wa ce, sunanta nake fara kira kafin na mahaifina.

Maƙoƙo ne ya fito mata. Ya daɗe yana girma a hankali tana rufe shi da mayafi, har ya fara shaƙe ta idan ta kwanta. Shekarar da na gama sakandare aka kai ta asibiti a birni aka yi mata tiyata. Likitan ya faɗa tun kafin a shiga cewa murya tana iya taɓuwa. Gwaggo ta ce muryar da take yi wa Allah aiki, Allah ba zai bari ta taɓu ba.

Ta warke, numfashinta ya dawo daidai, amma muryar ba ta dawo ba. Abin da ya rage wata dishewa ce mai kaushi, sai ka matso za ka ji. Aka ce a jira, makogwaro ne bai huce ba. Inna ta gidan malam, maƙwabciyarmu kuma ƙawarta tun suna 'yan mata, ta dinga aiko da zuma da citta da kanumfari. Wani yammaci ta shigo da kanta ta zauna a kan turmi, ta dubi Gwaggo ta ce unguwa ta samu hutu, yanzu mutum zai iya barcin safe ran Lahadi. Gwaggo ta jefe ta da ɓawon gyaɗa. Suka yi dariya, ta Gwaggo babu sauti. Da Inna za ta tafi ta dafa kafaɗarta ta ce:

"Aro ne aka ba ki, kin mora. Ki yi haƙuri."

Bayan fitar Inna, Gwaggo ta shiga ɗaki ta daɗe.

Lahadin farko da ta ji ƙarfi ba ta je coci ba. Ta ce jiri take ji. Ta biyu ta ce ƙafa. Daga nan ta daina ba da dalili. Fasto ya zo, ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa, ya yi addu'a, ta ce amin da leɓe. Ya ce mata ikilisiya ba muryarta take nema ba, ita take nema. Ta sunkuyar da kai har ya tafi. Mahaifina kuwa ƙaninta ne, bai saba gaya mata magana ba. Ya zo ya tsuguna a bakin ƙofa ya ce, "Yaya, mutane suna tambaya," ta ce ya gaishe su.

Na daɗe kafin in gane abin da ke cin ta. Da farko na zaci kunyar muryar ce kawai. Sai na lura duk Lahadi idan na dawo tana jira na a ƙofar ɗaki, tana yin kamar tana tsince wake, ta tambaye ni wa ya ba da waƙa. Amaryar nan ta Kunduru ce. Makon farko ta rikice, na biyu ta ɗan daidaita. Kafin damina ta kama, waƙa ta zauna a bakinta. Muryarta ba ta hawa sama kamar ta Gwaggo, mai kauri ce, mai ɗumi, kuma mata suna amsa mata da sakin jiki domin ba ta tsayar da kowa. Daga tsakar gidanmu ana jiyo coci sarai. Gwaggo tana ji.

Wata Lahadi ta kama hannuna ta ce, da 'yar muryar nan tata:

"Ɗiya, gaya min gaskiya. Ta yi daɗi?"

Na ce ta yi daɗi, Gwaggo.

Ta sake ni. Ta ci gaba da tsintar wakenta, tana zubar da mai kyau tare da tsakuwa. A nan na gane. Da a ce waƙa ta lalace bayanta, da tuni ta koma, ta zauna a gaba ana tausaya mata, ana cewa tun da muryarta ta tafi coci ta yi sanyi. Abin da ta kasa ɗauka shi ne an ci gaba da yabon Allah, kuma yabon bai ragu da komai ba.

Daga ranar ta fara barin gida da sassafe duk Lahadi, don kada ta ji. Takan ɗauki fartanya ta tafi gonarta, wadda ke bayan coci ta gabas, ba ta dawowa sai an watse. A wurinmu ba a noma ran Lahadi, kuma ba noman take yi ba, zama take a gindin ɗorawa. Amma mutane sun ga fartanyar. Aka fara magana ƙasa-ƙasa cewa dattawan ikilisiya za su kira ta. Na san halinta. Idan aka kira ta gaban dattawa aka yi mata faɗa, ba za ta ƙara taka ƙofar cocin nan ba har ta mutu. Ina kwana da wannan tsoron, ina tashi da shi.

A daminar nan aka yi fari. Ruwa ya sauka da wuri, aka yi shuka, gero ya kai gwiwa, sai sama ta bushe. Ganyen dawa ya naɗe kamar tabarma, gyaɗa ta kwanta. Musulmi suka fita roƙon ruwa a filin idi, mu ma aka sa azumi da addu'a a coci. A bakin rijiya ba a wata hira sai ta sama. Kowa ya fito da safe gabas yake fara duba.

Lahadin da nake ba da labari, Gwaggo ta ce in raka ta. Ba ta taɓa nema ba, don haka na ajiye kayan cocina na bi ta. A bakin gona ne ƙarar ƙarfen ta iske mu. Muka zaga gyaɗar, tana taɓa ganyen da ƙafa, sa'an nan muka zauna a gindin ɗorawa. Zafi ya yi nauyi, ko tsuntsu ba ya motsi. Daga nesa muka fara jiyo tulu. Ashe har can ma ana ji. Duk makonnin nan da take gudu, waƙar tana bin ta.

Ta ce min, ba ta dube ni ba, wai ta yi ta tambayar Allah abin da ta yi masa. Shekara da shekaru tana ba shi abin da ya fi kyau a jikinta, shi ne ya ɗauke, ya bar mata ƙafa da hannu da kowa ke da su. Na tuna wa'azin da aka taɓa yi mana kan yadda Almasihu, mai sama da ƙasa, ya ɗaura tawul ya durƙusa ya wanke ƙafafun mabiyansa. Amma yarinya ba ta yi wa wadda ta goye ta wa'azi. Na jingina kaina a kafaɗarta kawai.

Ban ga haɗuwar hadarin ba. Ƙamshi na fara ji, irin na ƙasa da ta jiƙa a wani wuri mai nisa. Na ɗaga kai, sai ga gabas ta yi baƙi ƙirin tun daga ƙasa har tsakiyar sama. Iska ta taso ta kwantar da gero gaba ɗaya. Muka miƙe muka kama hanya, ni ina gudu, ita tana sauri da fartanyarta. Kafin mu kai bayan coci ruwan ya sauko, manyan ɗigo masu zafin duka.

Gida da sauran tafiya. Gwaggo ta nufi gindin darbejiya, ta tsaya a ƙarƙashin ƙarfen kiran sujada, ruwa yana zuba mata ta ko'ina. Sai aka yi wata tsawa da na ji ta a haƙorana. Na kama zanenta na ja, ita ma ba ta yi gardama ba. Muka faɗa cikin coci ta ƙofar baya, inda masu goyo suke zama.

Wanda bai taɓa zama ƙarƙashin kwano marar silin ana ruwa irin wannan ba, da wuya in iya kwatanta masa. Ba ƙara ba ce da ake ji da kunne kawai. Kamar an kife mana babbar ganga ne ana dukanta da hannu dubu. Fasto ya riga ya haƙura da wa'azi, ya koma ya zauna yana murmushi. Jama'a duk a tsaye suke ana waƙar godiya, domin ruwan da aka yi ta roƙo ne ya zo. Amarya tana gaba, bakinta a buɗe, jijiyoyin wuyanta sun tashi, amma ko ɗigon muryarta ba ya iso mu. Mai tulu tana bugawa da dukan ƙarfinta, sai dai a ga hannunta yana sauka. Maza, mata, yara, kowa yana waƙa, ba a jin kowa. Da bakin amarya ake gane inda aka kai.

Gwaggo ta jingina fartanyarta a bango, ta tsaya tana kallo, ruwa yana ɗiga daga haɓarta. Ta dubi amarya, ta ɗaga kai ta dubi kwano. Na ga kafaɗunta suna rawa, na tsorata, na zaci kuka ne. Dariya take yi. Ta sunkuyo ta sa bakinta a kunnena ta ce:

"Ko tawa ta da, da ba a ji ta ba."

Ta sake duban rufin, dariyar ta tafi a hankali. Sai na ga leɓenta ya fara motsi. Kafaɗata tana manne da tata, don haka na ji waƙar a jikinta, tana kaɗawa a ƙirjinta. Ita ce ta tsara waƙar da ake yi, shekarun baya. Amma ba baitin take yi ba. Tana jiran bakin amarya ya rufe, sa'an nan ta shiga tare da sauran. Tunda nake ban taɓa ganin Gwaggo tana amshi ba.

Ruwan damina yakan tsagaita babu sanarwa. Haka ya yi. Ƙarar ta faɗi lokaci guda, daidai ƙarshen amshi, jama'a sun riga sun sauke, Gwaggo kuwa ta saba jan ƙarshen waƙa. Muryarta ta rage ita kaɗai a cikin coci, a dishe, a karye, kamar ana jan ƙofar langa-langa. Kowa ya ji. Kawuna suka juyo. Wani yaro ya fara dariya uwarsa ta toshe masa baki.

Na dubi ƙofa, na dubi fartanyar. Na tabbata za ta ɗauka ta fita, kuma in ta fita shi ke nan. Hannunta ma ya motsa. Amarya ta tsaya da baki a sake, ta ga wadda ta mayar da ita layin baya tsaye a bayan kowa, a jiƙe. Sai ta ɗan rusuna daga inda take, kamar yadda ake gaida uwa, ta sake ba da baitin a hankali. Mata suka yi jinkiri, ba wadda ta amsa. Gwaggo ta gyara tsayuwa, ta amsa da muryar da take da ita. Kafin ta kai tsakiya cocin gaba ɗaya ya shiga, mai tulu ta buga, ruwan ma ya dawo.

Da aka tashi ba ta tsaya gaisawa ba, kuma ba wanda ya tare ta. Muka taka cikin taɓo zuwa gida, kwaɗi sun fara kuka a kududdufi. A hanya ta ce min ita dai ta ɗauka tana ɗaga wa Allah wani abu ne da in ta saki zai faɗi. Ta ce wanda ya iya rufe bakin coci guda da ruwan safiya ɗaya, kuma ruwan nan alheri ne ba fushi ba, ba rashin mawaƙa ne ya sa yake sauraronmu ba, so ne kawai. Daga nan ta ce in yi sauri, akuyoyi suna waje.

Inna ta gidan malam tana bakin zaure tana tara ruwan indararo. Ta ga inda muka fito, ta ga fartanya, ta ce ashe yanzu da kayan noma ake zuwa cocin. Gwaggo ta ce ai gara ita, ta je an yi ruwa.

Dattawa ba su kira ta ba. Lahadi ta gaba ta ɗaura zanen zumunta ta tafi tun kafin a buga ƙarfe, ta zauna a layin baya. Kada in ce ta zama wata daban. Har yau idan aka ja amshi takan yamutsa fuska, wani lokaci hannunta ya ɗaga da kansa sai ta mayar da shi ta soshi kunne. Akwai ranakun da takan dawo ta yi shiru har yamma, na san kewar muryar ce. Amma ba ta ƙara fashi ba. Gyaɗar ma ta tashi a shekarar, ba kamar yadda aka so ba, amma an ci.

Na tafi karatu, na riƙa zuwa hutu. A shekarun nan amarya, wadda har yanzu amarya muke ce mata ko da yake 'ya'yanta sun shiga makaranta, ta yi suna da sababbin waƙoƙi. Akwai ɗaya da ta zaga coci-cocin yankin nan duka, har na ji ana yin ta a wani taro a Kankiya. Mai bayarwa ta ce ruwa ya sauko baki ya rufu, jama'a su amsa, shi ne babba. Kowa yana cewa waƙar amarya. Idan aka yabe ta a gaban Gwaggo, sai Gwaggo ta ce ba laifi, yarinyar tana ƙoƙari.

Bara da kaka na taya amarya ɓarar gyaɗa a gidanta, na tambaye ta yadda waƙa take zo mata. Ta yi dariya, ta leƙa waje, ta ce ita ba ta taɓa tsara ko baiti ɗaya ba. Tun makon da aka yi ruwan nan Gwaggo take zuwa wurinta duk Asabar da ƙwaryar gyaɗa, ta zauna kusa da ita ta raɗa mata waƙa a kunne har ta riƙe. Sharaɗi ɗaya ta kafa mata, kada ta gaya wa kowa a coci. Gwaggo ta ce ta san kanta, in aka fara yabon ta, tsohon ciwon zai tashi.